Sauka da Hawa a Tashoshin Bahar Rum

Tun da muka dawo Kano, duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa tambayarta ɗaya: girman jirgin, da ko ban ji tsoron ruwa ba. Jirgin kam babba ne, bene a kan bene, mutanen cikinsa dubbai, kuma sau da yawa in ba ki leƙa taga ba, ba ki ma sanin yana tafiya. Amma ni ba jirgin ne ya kai ni ba. Shekara da shekaru na yi ina koyar da labarin ƙasa a makarantar 'yan mata, ina zana Bahar Rum a allo da alli, ina nuna wa yara Italiya da tsibirin Sisili a ƙasanta, alhali ban taɓa ganin teku da idona ba. Da na yi ritaya babban yarona ya ce, "Umma, ki shirya mu je ki ga abin da kika daɗe kina zanawa." Muka tafi mu uku, ni da shi da matarsa. Abin da nake so in rubuta shi ne yadda ake sauka a tashoshi a ga gari a dawo, domin a nan ne duk daɗin tafiyar da wahalarta suke.

Aikin farko a ƙasa aka yi shi. Hanyar da muka zaɓa ta mako guda ce: a tashi daga Basalona a Sifaniya, a tsaya Marsey a Faransa, sai Jenowa da Cibitabekkiya da Palermo a Italiya, sai Baleta a Malta, a yi wuni guda a kan ruwa, a koma Basalona. Ƙasashen nan huɗu duk suna cikin yarjejeniyar Shengen, don haka biza ɗaya ta wadatar. Ana nemanta a ofishin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, kuma sai an je Abuja ko Legas an ɗauki zanen yatsu. Kuɗinta yuro 90 ne tun daga watan Yunin 2024, ban da na ofishin da ke karɓar takardu. Sun nemi bayanan banki, da takardar kamfanin jirgin mai jerin tashoshi, da tikitin jirgin sama na zuwa da dawowa, da inshorar lafiya wadda ba ta gaza yuro 30,000 ba. Akwai abin lura guda: wasu jiragen suna ratsawa ta Tunis, wato an fita daga Shengen an sake shigowa ke nan, kuma mai fasfon Najeriya sai da biza mai shiga fiye da sau ɗaya. A karanta jerin tashoshin da kyau tun kafin a biya ko kwabo.

Yuro a Wapa muka canza, kuma yaron ya dage sai an ba shi ƙananan takardu, na 5 da na 10 da na 20, domin masu tasi da masu tebur a can ba sa son babban kuɗi. Na sa ƙaramar dadduma mai naɗewa, da 'yar butar roba, da yaji a kwalba. Kilishin da maƙwabciyata ta kawo mini guzuri a gida na bar shi, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara daga waje. Na kuma je wurin malaminmu na unguwa na tambayi hukuncin kasaru da yadda ake fuskantar alƙibla a jirgin da ke juyawa, kuma ina ba kowa shawara ya yi haka da nasa malamin. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka bi ta Alƙahira, muka isa Basalona kwana guda kafin ranar hawa. Wannan kwanan ba almubazzaranci ba ne. Jirgin sama yana iya makara, na ruwa kuwa ba ya jiran kowa.

Ranar hawa aka karɓi akwatunanmu a bakin tasha, aka duba fasfo da biza, aka ɗauki hoton kowa, aka miƙo mana kati mai kama da na banki. Katin nan shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne kuɗin saye a cikin jirgi, shi ne kuma shaidar cewa kina ciki ko kina waje. Duk lokacin da za ki sauka sai an goga shi a na'ura hotonki ya fito, haka ma in kin dawo. Ta haka kyaftin yake sanin sunan duk wanda bai dawo ba. Kafin jirgi ya motsa aka yi mana atisayen ceto, aka nuna wa kowa wurin taruwarsa da yadda ake ɗaura rigar ceto. Sannan yaron ya karɓi wayata ya rufe layin, domin da zarar an yi nisa da gaɓa waya takan kama layin jirgi na tauraron ɗan'adam, kuɗinsa kuwa ba kama hannun yaro.

Kowane dare akan kawo takardar shirin gobe ɗaki. Layi biyu ne a cikinta suka fi kome muhimmanci: lokacin da kowa zai kasance ya dawo cikin jirgi, wanda yawanci rabin awa ne kafin tashi, da lambar wayar wakilin kamfanin a wannan tashar. Surukata ce ta ɗauki nauyin wannan. Kullum bayan sallar asuba sai ta ɗauki hoton takardar a wayarta, ta kuma rubuta lokacin a 'yar takarda ta miƙo mini, ta ce, "Umma, ki sa a jaka, ko da mun rabu." Sauƙin da muka samu shi ne ƙasashen huɗu agogonsu ɗaya ne, awa guda gaba da na Kano a lokacin da muka je.

Hanya biyu ce ta ganin gari. Ko ki sayi yawon da kamfanin jirgi ya shirya, da bas ɗinsa da jagoransa, ko ki sauka ki yi gaban kanki. Na kamfani yana da tsada sosai, amma in bas ɗinsu ya makara jirgi zai jira shi. Mai gaban kansa kuwa in ya makara, sai dai ya nemi hanyar da zai tarar da jirgi a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. Mu abin da muka tsayar shi ne, garin da yake kusa da tasha mu shiga da kanmu, wanda yake da nisa mu bi na kamfani.

A Marsey manyan jirage suna tsayawa ne can gefe, a tashar kaya, don haka sai da muka hau bas zuwa tsohuwar tashar da ke tsakiyar gari. Girkawa ne suka kafa garin wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma har yau masunta suna baje kifinsu da safe a bakin ruwan. Muka hau wata motar 'yan yawon buɗe ido mai jan tarago zuwa kan dutsen da wata sananniyar cocin garin take, inda ake hango gari duka da tsibiran da ke gabansa. Iska ta kusa ɗauke mini mayafi. Da muka sauko muka shiga kasuwar Nowai, inda Larabawan Aljeriya da Tunisiya da mutanen Komoros suke da shaguna. A nan muka ci gasasshiyar kaza ta halal hankali kwance, na sayi sabulun garin na man zaitun don tsaraba.

Jenowa ban yi mata adalci ba, kuma da gangan ne. Gwiwata ta fara magana, ga Rum na tafe washegari. Tashar tana cikin gari, don haka muka ɗan taka cikin tsofaffin lungunansu masu duhu, muka ci burodinsu mai man zaitun, na ce da yaran su ci gaba ni zan koma. Ranar ce na ga amfanin jirgi in kowa ya sauka: ba layi a wurin abinci, ba hayaniya, na zauna a bene na sama ina kallon gidajen da suka hau duwatsu har la'asar. Ba dole ba ne a sauka a kowace tasha, kuma dattijo ya san wannan tun da wuri.

A takardar talla za ki ga an rubuta Rum, amma jirgi ba ya zuwa Rum. Cibitabekkiya yake tsayawa, wajen kilomita 80 daga birnin. Akwai jirgin ƙasa mai araha da ke yin tafiyar cikin awa ɗaya da wani abu, amma saboda nisan muka sayi yawon kamfani. Da sassafe aka tara mu a zauren wasanni na jirgi, aka liƙa wa kowa lamba a ƙirji, aka ba mu 'yar na'ura mai abin sawa a kunne. Jagorar tamu mace ce mai saurin tafiya, tana ɗaga sanda mai lambarmu, mu kuma muna bin sandar. Mun ga Kolosiyam daga waje, ginin da aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, mai cin mutum kamar 50,000. Mun ga maɓuɓɓugar Tirebi da aka kammala a 1762, ko in ce mun ga bayan kawunan masu ɗaukarta hoto. Mun tsaya a filin fadar Paparoma mai ginshiƙai 284. Ko'ina minti kaɗan ne, sai sanda ta ɗaga.

Gaskiyar magana, wannan ranar ce ta fi tsada kuma ita ce ta fi barina da ƙishirwa. Ba laifin jagorar ba ne. Awa uku sun tafi a hanya, zuwa da dawowa, abin da ya rage kuma aka raba shi gida uku. Babban masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995, yana can arewacin birnin, ba ya kan hanyar bas, haka muka baro ba mu gan shi ba, kuma abin ya tsaya wa yarona a rai. Salla a gefen wurin ajiye motoci na yi ta, surukata ta tsaya mini da jakunkuna. Abu biyu suka taimake ni: famfunan kan titi na Rum da ruwansu ke zuba dare da rana, mai sanyi kuma na sha, kyauta, da 'yan sulallan da na tanada, domin banɗakin jama'a a can biya ake yi.

Daren nan na ce da su, gobe abu ɗaya nake so in gani, kuma a ƙafa.

Palermo tasharta a bakin gari take. Kina fita daga ƙofa masu keken doki da masu tasi za su yi miki caa, kowa da farashinsa, kuma a tsayar da kuɗi kafin a hau. Tasi muka ɗauka zuwa babbar cocin garin don in adana gwiwata. Musulmi sun karɓi wannan birni a shekarar 831, suka mai da shi hedikwatar Sisili, har zuwa 1072 da Normawa, wasu mayaƙan Kirista 'yan asalin arewacin Faransa, suka ƙwace shi. Inda cocin take a yau, wadda aka fara ginawa a 1185, a da babban masallacin birnin ne. Ba cikin ginin na je gani ba. A rumfar ƙofar shiga, ginshiƙi na farko ta hannun hagu, akwai wani ɗan allo da aka sassaƙa a jikin dutsen da rubutun Larabci. Mutane suna ta wucewa ta gefensa ba mai kallo. Na matsa, na gyara tabarau, na bi haruffan da ido. Sun ɗan side saboda daɗewa, amma wanda ya yi makarantar allo zai gane: aya ta 54 ce ta Suratul A'araf, wadda ta fara da cewa lalle Ubangijinku Allah ne wanda ya halicci sammai da ƙasa cikin kwana shida. Yaron ya karanta ta a hankali har ƙarshe. Mun daɗe a wurin, ba sanda, ba mai cewa mu taho.

Daga nan tafiya kaɗan ce zuwa fadar sarakunan Normawa. A cikinta akwai ƙaramar cocin Sarki Roja na Biyu, wadda rufinta na katako aikin masassaƙa ne irin na ƙasashen Musulmi, bangonta kuma zinariya ce ke ƙyalli. Amma ni wani mutum nake tunawa. A fadar wannan sarki ne Al-Idrisi, haifaffen Sabta a gaɓar Maroko, ya zauna shekaru yana tambayar fatake da matuƙan jiragen ruwa labarin ƙasashe, har ya kammala taswirarsa ta duniya a 1154. Kudu ya sa a sama, arewa a ƙasa, wato Afirka ce a saman takarda, kuma ya ambaci Gana da Gawo da Kanem. Na sha faɗa wa ɗalibaina wannan in nuna musu cewa sa arewa a sama al'ada ce kawai, ba dokar halitta ba. Tsayawa a garin da aka yi wannan aikin ya fi mini duk abin da na gani a Rum.

Bayan fadar muka gangara kasuwar Ballaro. Lungu ne mai tsawo, rumfuna sun rufe sama, masu kaya suna ta kwarara kira da waƙa, babur yana kutsawa tsakanin mutane, sai na ji kamar a Kurmi nake ranar da kasuwa ta cika. Ga katon kifi mai dogon baki kamar takobi an datse shi a kan tebur, ga zaitun a manyan robobi, ga shagunan 'yan Bangaladash da na 'yan Afirka ta Yamma. Ina cinikin busasshen tumatir da hannu da ido, ina ce wa surukata ya yi tsada, sai na ji daga bayana an ce, "Hajiya, barka da rana. Daga ina?"

Saurayi ne, yana ture da kwandunan lemo. Ya ajiye, ya rusuna ya gaishe ni sosai, ya ce shi mutumin Damagaram ne. Ya karɓi cinikin ya yi mana da yarensu, aka rage. Na tambaye shi yadda ya zo. Ya ce ta Agadas, ya yi aiki a Libiya, daga nan ya hau kwale-kwalen roba da dare. Bai ƙara a kan haka ba, ni ma ban tona ba. Ya tambayi inda muka sauka, yarona ya nuna masa wajen tasha, ya ce ai kullum yana ganin irin jiragen. Ya ce, "Mama, ki sa ni a addu'a, takarduna su fito in je in ga mahaifiyata." Na yi masa addu'a a tsaye a wurin, ya ƙi karɓar ko sisi, har ya cusa mana lemo a jaka.

Da yamma jirgi ya tashi ya kewaya Sisili ya nufi kudu, cikin ruwan da saurayin nan ya ratso. A wannan yankin ne, kusa da tsibirin Lampedusa, mutum fiye da 360 suka nutse rana ɗaya a watan Oktoban 2013. Na san wannan tun ina koyarwa. Daren nan ban iya zuwa wurin cin abinci ba, a ɗaki na ci lemonsa.

Malta a shiga mata da ido biyu. Surukata ta tashe ni, muka yi asuba, muka hau bene na sama, jirgi yana shiga babbar tashar a hankali tsakanin katangu na dutse ruwan zuma, rana tana fitowa a kansu. An kafa Baleta a 1566, shekara guda bayan da rundunar Daular Usmaniyya ta yi wa tsibirin ƙawanya ba ta ci shi ba, shi ya sa ko'ina katanga ce. Garin yana kan tudu, amma akwai lif mai tsawon mita 58 kusa da tasha da ke kai mutum har lambun da ke sama, da kuɗi kaɗan. A ƙasan lambun ake harba igwa da ƙarfe goma sha biyu na rana. Garin ƙarami ne, titunansa a miƙe, ana jin Turanci, kuma motoci ta hagu suke bi, gadon mulkin Ingila da ya ƙare a 1964. Cikin natsuwa muka zagaya muka dawo da sauran lokaci mai yawa.

A nan ne na ga abin da ake ta gargaɗi a kansa. Lokacin dawowa ya wuce, sai lasifika ta fara kiran sunan mutum biyu, ana maimaitawa. Ma'aikata sun naɗe rumfar bakin tasha, sun janye matakala ɗaya, saura ɗaya, wani jami'i yana tsaye yana duban agogo. Fasinjoji suka cika baranda. Can sai ga mata da miji a guje da ledojin sayayya, matar ta cire takalmi ta riƙe a hannu. Mutane suka yi ta tafi da sowa, ni kuwa tausayi suka ba ni, domin ba yara ba ne. Suna shiga aka ja matakalar, aka kwance igiyoyi. Mu ƙa'idarmu tun ranar farko ita ce mu kasance a bakin tasha saura awa guda, kuma ko sau ɗaya ban ji mun yi asarar wannan awar ba, domin a dawowa ma akwai layi: a goga kati, a sa jaka a na'urar bincike.

Daren ƙarshe aka kawo mana takardun liƙawa masu launi, muka ɗaura wa akwatuna muka ajiye su a bakin ƙofa kafin tsakar dare, kowa ya ware kayan da zai sa da safe da magungunansa. Yaron ya zauna ya bi takardar lissafi layi-layi, domin akwai kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kullum, ban da ruwan gora da yawon Rum. Da safe aka riƙa kiran launi-launi, muka goga kati karo na ƙarshe, muka tarar da akwatunanmu a jere a zauren tasha. Da yake jirginmu na Alƙahira sai washegari, muka je ganin cocin nan ta Sagarada Familiya da aka fara ginawa tun 1882. Tikitin shiga a intanet ake sayensa tun da kwanaki, na ranar ya riga ya ƙare, don haka muka zauna a lambun da ke gabanta muka kalle ta daga waje, yaron yana ta duba farashin masauki a Palermo, domin na riga na gaya masa in Allah ya sake ba mu iko, can nake so a kai ni in yi mako guda.